Highlander ɗina za ta iya jan wannan ɗakin tafi-da-gidanka?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Mu shida ne a gida, ni da uwargida da yara huɗu, kuma duk sanda muka fita yawon hutu sai mun kama ɗaki biyu a otal, ga wahalar neman abincin halal a ƙananan garuruwa. Shi ya sa na fara tunanin sayen irin tirelar nan ta kwana da ake ɗaura wa mota a baya, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Ranar Asabar muka je wajen wani dila a bayan garin Houston, ya nuna mana wata mai tsawon ƙafa 26, da gadajen yara masu hawa biyu. A takarda nauyinta laba 4,400. Motata Highlander ce ta 2019 mai silinda shida, littafinta ya ce tana jan laba 5,000. Dilan ya ce ko jin ta ba zan yi ba a bayana. Maman Ilham har ta gama raba wa tukwanenta wuri. Ban sa hannu ba tukuna. Za ta ja, ko ba za ta ja ba?

Dan_Fagge:
Tirela kuma? Wallahi da na ga maganar na zaci siminti za ka fara kaiwa Maiduguri da Highlander. Ku mutanen Amurka ba ku rabo da abin mamaki.

Baban_Ilham:
Haba Dan Fagge, ɗaki ne a kan taya. Wannan ne tafi-da-gidanka na gaskiya, wayar salula aron sunan ta yi.

Direban_Ohio:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka rufa wa kanka asiri, kada ka sa hannu tukuna. Shekarata goma sha ɗaya ina jan babbar mota a ƙasar nan, kuma ina da irin ɗakin da kake magana shekara biyar ke nan. Wannan 4,400 ɗin nauyinta ne ranar da ta fito daga kamfani, wayam, ko cokali babu a ciki. Ruwa galan ɗaya laba takwas ne da ɗan ɗoriya, in tankinka galan 40 ne ka ƙara 330 ke nan. Sa tukunyar gas biyu da batir, sa tukwanen Maman Ilham, buhun shinkafa, barguna, kekunan yara. Kafin ka bar layinku ka haura 5,000. A gefen hagu na tirelar, can gaba, akwai takarda manne. Nemi inda aka rubuta GVWR, shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta kai har da kayanta. Da wannan lambar ake lissafi.

Amma ma ba nan gizo ke saƙar ba. Ja ba shi da wuya, jaki ma yana jan amalanken da ta fi shi nauyi. Nawa motarka ke iya ɗauka a gadon bayanta? Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga wata takarda mai ruwan ɗorawa da fari, ita ke faɗin jimlar nauyin mutane da kayan da motar ke ɗauka. Ita tirela dole kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙwallon ƙugiyar motarka, kuma a cikin wancan kason ake cire shi. In ta kai 5,300, kusan 650 ke nan ya hau ƙugun motar, alhali 500 aka yanka wa Highlander a wurin. Sannan ku shida ku shiga ku zauna. Je ka dubo takardar ka dawo mana da lambar.

Dan_Maradi_Montreal:
Ku yi hanƙuri, mu kilo mun ka sani. Laba nawa ag kilo guda?

Direban_Ohio:
Biyu da ɗigo biyu. Laba 5,000 wajen kilo 2,270 ke nan. Ku ma naku lissafin ruwan ya fi sauƙi, lita ɗaya kilo ɗaya.

Sarkin_Yawo_TX:
Ni fa ina ganin ana tsorata bawan Allah. Shekara uku na yi ina jan mai ƙafa 24 da Honda Pilot, na je Galveston ya fi sau goma, na je San Antonio, ko tari motar ba ta taɓa yi ba. Waɗannan lambobin kamfani na rage su ne don gudun shari'a. Mu da muka taso muna ganin lodin da ake yi wa Golf a hanyar Jibiya, mu za a gaya wa nauyi?

Direban_Ohio:
@Sarkin_Yawo_TX Houston zuwa Galveston mil hamsin ne a shimfiɗe kamar tabarma, ba hawa ba gangara. Ka taɓa saukowa da ita daga ramin Eisenhower da ya ratsa dutse a kan babbar hanyar I-70 a Colorado? Wurin ya haura ƙafa 11,000, injin da ba shi da turbo (na'urar cusa masa iska) ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa saboda ƙarancin iska, sannan ga gangara mai tsawon mil da yawa tana jiranka. Nan ake jin ƙaurin birki. Golf ɗin Jibiya kuwa, duk mun san nawa muka gani a kwance a gefen titi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sarkin_Yawo_TX:
To ai shi bai ce Colorado za shi ba.

Hajiyar_Calgary:
Bari in sa baki, don ni jiki magayi. Shekararmu ta farko maigidana Alhaji ya ɗaura kekuna huɗu da akwatin kayan aiki a bayan tirelar, wai don a rage wa mota nauyi. Ashe babban kuskure ke nan. Muna hanyar Banff wata babbar mota ta wuce mu, iskarta ta buge mu, sai bayan tirelar ya fara rawa, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Yara na kuka, ni salati kawai nake. Allah ya sa an taɓa gaya masa abin yi: bai taka birkin mota ba, bai yi kokawa da sitiyari ba, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya miƙa hannu ya matse birkin tirelar ita kaɗai da ɗan akwatin nan na gaban direba. Sai ta miƙe kamar an ja ta da igiya ta baya. Muka tsaya a gefe, minti ashirin ba wanda ya iya magana. Tun daga ranar duk abu mai nauyi a ƙasa yake zama, a kan tayoyi ko gaba da su kaɗan. Baban Ilham, gajeriyar mota da doguwar tirela, wutsiya ce ke kaɗa raƙumi. Ka yi tunanin tsawon ma, ba nauyin kaɗai ba.

Baban_Ilham:
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Wane akwati ne wannan na gaban direba? Dilan bai ambace shi ba sam.

Direban_Ohio:
Ina zai ambata, shi da ke son ka sa hannu kafin la'asar? Tirelar tana da nata birkin na lantarki, amma ba ya aiki sai ka sa wa motarka na'urar da ke ba shi umarni, da soket mai baki bakwai a baya. In ka taka birki ita ke aika wuta ga tayoyin tirela daidai da ƙarfin takawarka. A Texas doka ta wajabta birki ga tirelar da ta haura laba 4,500, a Kalifoniya kuwa tun daga 1,500 ga irin ta kwana, kuma can duk mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa. Sai ƙugiya mai sandunan ƙarfe biyu da ke mayar da wani kaso na nauyin zuwa tayoyin gaba, da abin hana rawa. Ita kanta ƙugiyar tana da nauyi, a lissafa da ita. Ka tabbata girman ƙwallon ya yi daidai da bakin tirelar, akwai inci 2, akwai 2 da 5/16, da ido kusan ɗaya suke. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ta ƙarƙashi, don in ta kuɓuce ta faɗa kansu maimakon kwalta. Siririyar wayar nan da ke kama birki in tirela ta tsinke, a jikin mota ake maƙala ta, kada a naɗe ta a sarƙa.

Injiniya_Leeds:
Abin na ba ni mamaki yadda kuke sayen a-kori-kura kamar gida don jan ɗaki ɗaya. Nan Ingila da mota irin ta kai yara makaranta ake ja. Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce kada nauyin tirela da kayanta ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kaya, kuma abin da ke sauka a ƙugiya kashi 5 zuwa 7 ne kawai. Tun Disambar 2021 ma an cire jarrabawar musamman, da lasisin mota kana iya jan har kilo 3,500 in motarka ta isa.

Sarkin_Yawo_TX:
Kun ji ko? Kashi 5. Na ce muku ana zuzuta abin.

Injiniya_Leeds:
A'a ranka ya daɗe, kada ka ɗauki rabin maganata ka gudu da ita. Namu ƙirar daban ce, ba su da nauyi, an tara kayan nauyin a tsakiya kusa da tayoyi, kuma doka ta tsayar da mu a mil 60 a babbar hanya, 50 a hanya mai hannu biyu ba shinge, ba ma shiga layin gudu in hanyar mai layi uku ce. Rawa da gudu take zuwa. Ku da ke da hanyoyin da ake 75 da 80, in ka bar kashi 5 a kan ƙugiyar tirelar Amurka, labarin Hajiyar Calgary za ka maimaita.

Malam_Na_Bronx:
Duk kuna ta lissafin ƙarfe, ba wanda ya yi lissafin aljihu. Baban Ilham, kwana nawa kake samun hutu a shekara? In sati biyu ne, sauran sati hamsin ina za ta kwana? Yawancin sababbin unguwannin Houston ƙungiyar masu gidaje ba ta yarda ka ajiye irin wannan a ƙofar gida, sai ka kama mata haya wata-wata. Ga inshora, ga rajista, ga kuɗin zangon da za ku sauka, ga mai da motar za ta riƙa sha kusan ninki. Aminina ya saya lokacin korona da kowa ke rububi, sau huɗu ya fita da ita, da ya tashi sayarwa sai da ya yi ciko kafin ya rabu da bashin. Ka yi hayar irinta sati ɗaya tukuna. In kun dawo kuna magana da juna, sai a yi zancen saye.

Ummu_Sudais:
Malam ya taɓo inda nake. Bashin irin waɗannan har shekara goma sha biyar suke shimfiɗa shi don kuɗin wata ya yi kama da araha, kuma da ruwa ne. Ban ga larurar da za ta sa mutum ya shiga riba don abin shaƙatawa ba. In da hali a tara a sayi ta hannu, kuɗi a ƙasa.

Sarkin_Yawo_TX:
Nan kam na yarda da Yaya Ummu. Tawa ta hannu na saya, lakadan.

Mai_Gyara_Indy:
Tun da an zo maganar ta hannu, ni aikina ke nan. Ina Indiana, kuma yawancin tirelolin da kuke gani a Amurka a nan yankin Elkhart ake haɗa su. Katako ne siriri da falle a sama, an yi su ne don su yi sauƙin ja. Babban abokin gabansu ruwa. In za ka duba ta hannu, fara da hanci: shiga ka rufe ƙofa, in ka ji warin rima, yi sallama ka fita. Taka ko'ina a ƙasa, musamman bakin ƙofa da gaban banɗaki, inda ya lotsa ya ruɓe. Danna bango a kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi, buɗe kabad na sama ka haska silin. Hau rufi ka duba gam ɗin da aka zagaye esi da tagar sama da shi, in ya tsage ruwa ya riga ya shiga. A waje kuma in ka ga jikin ya kumbura kamar bororo, bangon ya saki. Ko sabuwa ka saya, sau biyu a shekara sai ka hau rufin nan.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun ba ta side ba, don a rana take yini a tsaye. A gefenta bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu na ƙarshe, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Ta haura shekara biyar, canza. Da yawansu ma mil 65 ne iyakar gudunsu. In ta fashe a guje ba ita kaɗai ke tafiya ba, sai ta yage ƙasan ɗakin da wayoyi da bututun ruwa. Boris ɗin da taya ke juyawa a kansa kuma a sa masa giris duk shekara ko duk mil 12,000. Ni in na tsaya shan mai sai na zagaya na kai bayan hannu kusa da kowace taya, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana.

Dan_Fagge:
Tambayar jahili, a yi mini uzuri. Banɗakin fa? Ina abin ke zuwa?

Hajiyar_Calgary:
Dan Fagge ka yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi. Tanki uku ne a ƙasa: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. In sun cika ka je inda aka tanada a zango ka jona tiyo ka juye. Na bayan gida ake fara buɗewa, sannan na wanka ya biyo ya ɗauraye tiyon. Ko da zangon na da rami a gefenka kada ka bar bakin na bayan gidan a buɗe, ruwan zai tsiyaye ya bar sauran ya daskare, ranar nan sai ka raina kanka. Mu masu buta ma mun huta da rabin matsalar, don tankin ruwa yake so, Turawa takarda ke toshe musu. Inda muke shan wuya tankin wanka ne. Mutum shida, alwala sau biyar, ga tukunyar tuwo da sai an jiƙa an kankare. Kwana biyu ya cika. Ni yanzu alwala a waje muke yi da buta in ba sanyi, kuma ban taɓa zuba ragowar man miya a wurin wanke-wanke ba, da takarda nake share tukunya tukuna. Wannan aikin juyewar kuma a gidanmu na Alhaji ne, tun ranar farko muka yi yarjejeniya.

Ummu_Sudais:
Hajiya, suya fa? Ni ɗan ƙaramin wuri da labule da katifa, in aka soya albasa da daddawa ai sai a kwana a tashi da shi.

Hajiyar_Calgary:
A waje nake girki, da ɗan risho mai kai biyu a kan tebur. Sai dai a yankinmu akwai beyar, ba a barin ko kwano mai maiƙo a waje da dare, ma'aikatan gandun Banff ba sa wasa da wannan. Kilishi ma a rufe yake kwana. Firjin kuma in irin mai aiki da gas ne, a kunna shi tun daren jajibirin tafiya don a hankali yake sanyi, kuma sai tirelar ta zauna daidai ba karkata, in ba haka ba lalacewa yake.

Direban_Ohio:
Abu ɗaya da ba na wasa da shi: janareto. Mu 'yan Najeriya ba sai an ba mu labarin iyalan da suka kwanta da janareto a kusa ba su tashi ba. A ɗaki mai faɗin ƙafa takwas abin ya fi sauri. A kai shi nesa, bakin hayaƙin ya juya wa taga baya, naka da na maƙwabcinka. Na'urar jin hayaƙin nan marar wari da ta jin yoyon gas, a gwada su kafin kowace tafiya, suna da shekarun daina aiki a rubuce a bayansu. Kuma komai sanyi ba a ɗumama ɗaki da murhun girki.

Mai_Gyara_Indy:
Ƙari a kan wuta. Irin girman da Baban Ilham ke nema yawanci amfiya 30 ne a kan bolt 120, wat 3,600 ke nan gaba ɗaya. Esi na aiki, Hajiya ta jona butar shayi, yarinya ta kunna abin busar da gashi, sai ɗif. Kuma na sha gyara wannan ɓarnar: mutum ya kira mai gyaran wuta ya sa masa soket a gida, shi kuma ya ga filogin ya yi kama da na injin busar da kaya, ya ba shi bolt 240. Duk abin da ke cikin tirelar ya ƙone. Sayi na'urar gwada wuta da ake jonawa a sandar zango kafin a jona tirela, da ɗan abin rage ƙarfin ruwan famfo, don wasu zangunan ruwansu na fasa bututu. Tiyon ruwan sha daban, fari, ba ya haɗuwa da na juye a akwati ɗaya.

Dan_Maradi_Montreal:
Wanga duk na zahi ne. Mu nan tun watan Oktoba mu ke hidda ruwa duka, mu zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda cikin bututu. Kada wani ya sa na lagireton mota, guba ne. Amma ku Texas kun huta.

Sarkin_Yawo_TX:
Mun huta? Ka manta Fabrairun 2021? Ni ma haka na ce, ban zubar da ruwa ba. Da ƙanƙara ta saki na tarar da famfo ya tsage, tankin ruwan zafi ya fashe. Kun ga ina faɗin laifina in na yi.

Dan_Fagge:
Ni dai ina ta sha'awa daga nesa. A ce mutum ya shigo da ita gida, ya ja iyali zuwa Yankari ko Mambila, ba zai yiwu ba?

Mai_Gyara_Indy:
Irin ta Elkhart a ramukan hanyoyinmu? Kafin ka kai Bauchi kabad ɗin sun sauko ƙasa. Sai dai irin waɗanda ake ƙerawa a Afirka ta Kudu da Ostireliya don hanyar daji, masu tsayin ƙafa da shasi mai ƙarfi. Sannan ina za ka juye tanki, ina za ka jona wuta, kuma wa zai kwana a gefen daji da iyali a halin tsaron da ake ciki?

Injiniya_Leeds:
An taɓa ratsa Afirka da su fa. A 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci tirela 41 daga Cape Town har Alƙahira. Madugu ne sosai, ayarinsa ne dai na alminiyam. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ai su ne asalin masu wannan harka, zango-zango, kowa ya san iyakar abin da jakinsa ke ɗauka.

Baban_Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai. Direban Ohio, na dubo takardar ƙofa: laba 1,340. Na kuma kira dilan na matsa masa, ya ce GVWR ɗin tirelar 6,000 ne. Jiya da dare muka hau sikeli ɗaya bayan ɗaya, har da Ilham tana dariya, mu shida mun tashi 690. In na sa 650 na ƙugiya na cinye kason tas, ko gorar ruwa ba ta shiga ba, balle ƙarfen ƙugiyar. Maman Ilham ta ce to a canza mota. Na ce da wane kuɗin?

Direban_Ohio:
Alhamdulillah da ka gani da idonka. Da wannan motar da wannan iyalin, nemi wadda GVWR ɗinta bai wuce 3,500 ba, tsawo ƙasa da ƙafa 20, ko irin mai naɗewa da ake buɗe gadajenta ta gefe kamar tanti, tana kwanar da mutum shida kuma iska ba ta kama ta a hanya. Duk wadda ka ɗauka, ka yi mata lodi kamar ranar tafiya, kowa ya shiga mota, ka je sikelin CAT a tashar manyan motoci ka auna. Kuɗi kaɗan ne, su ba ka nauyin gaba da na baya da na tirela a takarda. Ba wanda ke hawa cikin tirela tana tafiya, komai rokon yara. Ka sayi waigi ka sa wa taya kafin ka kwance ƙugiya, na ga wadda ta gangara ta bar mai ita riƙe da jak. Ka auna tsayinta har kan esi ka manna a gaban sitiyari saboda gadoji da rumfar gidan mai. Ribas kuma ka je filin masallaci ranar da ba kowa ka koya: hannu a ƙasan sitiyari, inda kake so bayanta ya nufa nan za ka kai hannun, kaɗan-kaɗan. Uwargida ta tsaya inda kake ganin ta a madubi, in ta ɓace maka ka tsaya cak.

Hajiyar_Calgary:
Ribas ɗin nan ya fi komai haɗa faɗa. Ku yi shiri da hannu, ba da ihu ba, mutanen zango na zaune a kujerunsu suna kallo.

Sarkin_Yawo_TX:
Ni har yanzu ina kan bakana, in Galveston da wuraren nan na kusa ne, da tanki ba ruwa, a hankali, za ta kai shi. Amma ƙaramar tana da wata riba, wannan na yarda. In kana son zuwa gandun Big Bend, hanyar hawa Chisos Basin hukumar gandun ba ta son tirelar da ta wuce ƙafa 20 saboda lanƙwashe-lanƙwashen hanyar. Ni da tawa a ƙasa na kwana.

Malam_Na_Bronx:
Mutum shida a ƙafa 19, ranar da aka wuni ana ruwa. Ina nan ina jiran labari. Haya dai, Alhaji, haya.

Ummu_Sudais:
A bar Maman Ilham ta shigo ta faɗi nata mana, ku maza kun yanke mata girman kicin ba ta nan.

Baban_Ilham:
Tana karantawa a wayata tun ɗazu. Ta ce mai naɗewar ba ta ga banɗakin kirki a cikinta ba, kuma ba za ta fita da yara da tsakar dare neman na zango ba. Na samu wani a garin Katy, kusa da Houston, da ke ba da hayar mai ƙafa 18 da gadaje masu hawa biyu, ya ce GVWR 3,500, muna tunanin gwada ta kwana uku a hutun Nuwamba. Sai dai motata soket mai baki huɗu gare ta. Mai Gyara, sa mai baki bakwai da na'urar birkin, aikin da zan iya yi da kaina ne ranar Asabar, ko in kai gareji?

Mai_Gyara_Indy:
Ɗauko mini hoton ƙarƙashin sitiyarin ta gefen hagu, da na bayan bamba, in ga abin da aka riga aka ja na waya tukuna.